Ruwan Inabin Da Ba Ya Son Zama Shi Kaɗai

Tambayar da ke gabanmu a wannan darasi tsohuwa ce, amma har wa yau tana raba kan 'yan'uwa. In wani abu yana da daɗi, yana kuma da haɗari, a ina nagartarsa ta ke? A cikinsa ne, ko a wurin da aka aje shi, ko kuwa a hannun wanda ya riƙe shi? Za mu nemi amsa ta wurin duban abu guda, watau wani irin jan ruwan inabi wanda sunansa bai yi nisa ba, da yadda mutanen ƙasarsa su ke haɗa shi da abinci. Kada mai karatu ya zaci ana kiransa ga sha ne. Yawancin ikkilisiyoyinmu sun hana 'ya'yansu abin sa maye, suna kuwa da dalili mai nauyi. Amma Littafi Mai Tsarki yana maganar ruwan inabi, wanda tsohon juyinmu ya ke kira ruwan anab, tun daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, wani wuri da yabo, wani wuri da kashedi. Wanda bai san halin abin ba, da wuya ya gane dalilin yabon, balle zafin kashedin.

Akwai wata 'yar ƙasa a gindin duwatsun Kaukasus, gabas da Baƙin Teku, sunanta Jojiya. Ba jihar nan ta Amurka mai wannan suna ba ce. Rasha na arewa da ita, Turkiyya da Armeniya suna kudu, dutsen Ararat kuwa ba shi da nisa ƙwarai daga iyakarta. Mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, amma suna ƙidaya irin inabi fiye da 500 na ƙasarsu. A shekara ta 2017 masu bincike suka ba da labarin wasu tsingaran tukwane da aka haƙo a kufai biyu kudu da Tibilisi, babban birnin ƙasar. Suka sami alamar ruwan inabi ta kama jikin yumɓun, suka ƙiyasta shekarun tukwanen sun kai wajen 8,000. Jojiyawa sun karɓi bishara tun ƙarni na 4, ta bakin wata mace mai suna Nino. Bisa ga abin da su ke faɗa wa 'ya'yansu, gicciyen da ta riƙe na rassan kurangar inabi ne, ta ɗaure su da gashin kanta. Ashe ke nan a wurinsu kuranga da bangaskiya sun daɗe a gida ɗaya.

Cikin jajayen inabinsu babu kamar wanda su ke kira Saferabi, Turawa kuwa su kan rubuta shi Saperavi. Ma'anar sunan ita ce abin rini. In ka ɓare yawancin jan inabi za ka tarar ɓawon ne kaɗai ke da launi, cikinsa fari ne. Saferabi kuwa ja ne har tsoka, ruwansa yana kama hannu da tufa kamar na wanda ya wuni a marina. An fi noma shi a Kaketi, a kwarin kogin Alazani, wajen gabas. Abin da ya sa duniya ta daɗe ba ta san shi ba, ba rashin kyau ba ne. Har shekara ta 1991 Jojiya tana cikin Tarayyar Sobiyet, ruwan inabinta kuwa can ya ke ƙarewa. Ko bayan ta sami 'yancin kai, Rasha ce babbar kasuwarta, sai da Rasha ta rufe ƙofa daga 2006 zuwa 2013 kana manoma suka tashi neman masaya a wasu ƙasashe.

Ga yadda a ke yinsa bisa al'ada. In kaka ta yi, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a tsinko nonnan inabi, a tattake su cikin wani dogon kwami. A kwashe ruwan duk da ɓawo da ƙwayoyi a zuba cikin wata babbar randa mai siffar ƙwai, wadda su ke kira kwebri. An shafe cikinta da kakin zuma, an binne ta a ƙasa har wuya, domin sanyin ƙasa ya riƙe ta a hali ɗaya. Akwai randar da ke cin lita dubu da ɗoriya. Ruwan ya tashi ya yi kumfa kwana da kwanaki, ana motsa shi da sanda, sa'an nan a rufe bakin randa, a liƙe, a bar shi ya kwanta. A shekara ta 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon 'yan adam da ya kamata a kiyaye. Har yanzu 'yan zuhudu na Alaberdi a Kaketi suna yin nasu ta wannan hanya.

To, yaya gwani ya ke ɗanɗana shi? Ba ya cika tambulan, sulusi kawai ya ke zubawa. Ya ɗaga shi ga haske, ya ga ja ne mai duhu har ya kusa baƙi, gefensa shunayya. Ya jujjuya tambulan a hankali domin iska ta shiga, sa'an nan ya kai hanci. In za mu kwatanta da abin da mu ka sani, ƙanshinsa ya yi kusa da na ɗinya nunanniya, da ɗan hayaƙi, da ɗan kanumfari. Hanci ne ke yin yawancin aikin, gama harshe abu 5 kaɗai ya sani: zaƙi, da tsami, da ɗaci, da gishiri, da kuma daɗin nan irin na romo wanda daddawa ke sa wa miya. Shi ya sa mai mura ya kan ce abinci ya yi masa salaf. Daga nan gwani ya kurɓi kaɗan, ya zagaya da shi cikin baki, ya yi shiru yana sauraron abin da harshensa da ganɗarsa za su faɗa masa. Sa'an nan, ku lura da wannan, ya tofar da shi cikin wani kasko da aka aje dominsa. Mai wannan sana'a ya kan gwada iri 50 ko fiye a rana guda, in da yana haɗiyewa da ba ya kai azahar.

Ga bambanci ke nan tsakanin mai ɗanɗanawa da mashayi. Na fari yana son hankalinsa ya ƙara kaifi domin ya san abin da ke cikin ƙoƙo. Na biyu yana son hankalinsa ya dushe domin ya manta da abin da ke cikin zuciya. Ƙoƙo ɗaya ne a hannunsu, amma sun ba juna baya. Gwanaye har su kan rufe sunan kwalba kafin su yi hukunci, don kada suna ya yi musu rinjaye. A birnin Faris a 1976 aka yi haka, sai alƙalai Faransawa suka ba ruwan inabin Kalifoniya lamba ta ɗaya, ja da fari duka, ba su sani ba. Ka buɗe Yohanna sura 2, za ka tarar da irin wannan a bikin Kana ta Galili. Uban biki ya ɗanɗana ruwan da aka ɗebo daga tuluna 6 na dutse, bai san inda ya fito ba, harshensa kaɗai ya shaida masa cewa wannan ya fi na fari. Mai bishara bai zarge shi da sanin bambancin ba, shaidarsa ma ya kafa hujja da ita.

Amma wanda ya kurɓi sabon Saferabi ba tare da abinci ba, da wuya ya yabe shi. Yana da tsami mai kaifi, yana kuma da bauri, irin wanda ke kama baki in ka ciji ɗanyen goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta. Dasashi ya bushe, harshe ya yi kaushi. Abin da ke kawo wannan bauri wani sinadari ne da masana ke kira tanin, yana cikin ɓawon inabi da ƙwayoyinsa. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Shi ne ke cikin bagaruwa, wadda majema ke jiƙa fata da ita. Aikinsa shi ne ya kama furotin ya ƙulle shi, shi ya sa ɗanyar fata ta kan zama jemammiya ta daina ruɓa. A cikin baki kuwa furotin na miyau ya ke kamawa, santsin miyau ya tafi. Watau mai shan Saferabi shi kaɗai, jima ce a ke yi wa bakinsa kaɗan-kaɗan.

Sai a kawo abinci. A Kaketi su kan tsire nama, na alade ko na tunkiya ko na ɗan maraƙi, su gasa shi a kan garwashin busassun rassan kuranga, su barbaɗa gishiri da ɗanyar albasa. Akwai wake da a ke dafawa cikin tukunyar ƙasa da ganyaye masu ƙanshi, da cuku mai gishiri, da doguwar gurasa wadda a ke mannawa a jikin tanderu. In mutum ya ci lomar nama mai kitse kana ya kurɓa, sai ya ji kamar an sauya masa ƙoƙo. Tanin ya sami furotin na nama da kitse ya kama, ya ƙyale miyau. Gishiri ya kwantar da ɗaci. Tsamin kuwa ya wanke maiƙon da ya dafe harshe, har loma ta biyu ta yi daɗi kamar ta fari. Wanda ya taɓa zuba madara cikin shayi mai bauri ya ga rabin wannan aiki da idonsa. Ruwan inabin ya yi laushi saboda naman, naman ya yi sauƙi saboda ruwan inabin, ba kuwa wanda aka rage wa ƙarfinsa.

Ba kowane abinci ne abokinsa ba. Kifi mai laushi ya kan ɓace a gabansa, wani lokaci ma ya ta da ƙarni. Barkono mai yawa ya kan hura zafin barasar da ke ciki, ya ƙara wa baurin kaushi, saboda haka tsire irin namu mai yaji jawur ba zai zauna lafiya da shi ba. Ga abinci mai yaji an fi zaɓen wanda aka tsai da tashinsa da sanyi tun zaƙi bai ƙare ba, kamar wanda a ke kira Kinzimarauli. Wanda a ke kira Mukuzani kuwa ba shi da zaƙi, an tsufar da shi cikin gangar katako, sai nama mai nauyi. Inabi ɗaya ne ya haife su duka. Ƙa'idar ba ta da wuya: abu mai ƙarfi yana bukatar abokin zama wanda zai iya tsaya masa.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Cikin kyautai na Allah akwai waɗanda su ke cikakku su kaɗai, kamar ruwan sanyi ga mai ƙishi. Akwai kuma waɗanda kyansu ba ya fitowa sai a cikin tarayya, kamar gishiri da wuta. Ba mai cin gishiri da tafin hannu, ba kuwa mai zagin gishiri saboda haka. Ruwan inabi na cikin kashi na biyu. In ka bi wuraren da Littafi ya ambace shi da alheri, za ka lura sau da dama ba shi kaɗai ya ke tafe ba. Malkisadik ya fito taryen Ibrahim da gurasa tare da shi, a Farawa sura 14. Zabura ta 104 ta jera shi tare da mai da abinci cikin abin da ƙasa ke bayarwa. A daren da aka ba da Ubangiji Yesu, gurasa ce ta riga ƙoƙo, almajirai kuma suna kewaye. Ka gwada wannan da Nuhu a Farawa sura 9. Mutumin da ya tsira daga ruwan tufana ya dasa kuranga, ya sha, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa. Ba a ambaci abinci ba, ba a ambaci abokin zama ba. Da aka sami wanda ya shiga, sai ya zama mai kallo ne, la'ana kuwa ta shiga gidan ta wannan ƙofa.

Likitoci ma sun san wani gefen wannan. Barasa ta fi saurin shiga jini daga ƙaramin hanji. In ciki na da abinci, tumbi ya kan riƙe abin da aka sha ya sake shi kaɗan-kaɗan. In ciki wofi ne, sai ya wuce kai tsaye ya hau kai. Hanta kuwa ba ta gaggawa don kowa, wajen ƙaramin kofi ɗaya ta ke iya narkarwa cikin sa'a guda.

Sai dai misalin gishiri yana da iyaka, a nan kuwa maganar ta yi nauyi. In gishiri ya yi yawa, harshe da kansa ya ƙi, mai ci ya janye hannu. Alƙalin yana nan da hankalinsa. Ruwan inabi ba haka ya ke ba. Wanda ya kamata ya ce ya isa, watau hankali, shi ne abin da ruwan ya ke fara taɓawa. Mutumin da ya yi niyyar tsayawa a ƙoƙo na biyu, ba shi ne zai yanke shawara a kan na uku ba, wani ne wanda ya riga ya sha biyu. Ina alƙalin da zai yi shari'ar gaskiya bayan mai ƙara ya shayar da shi? Domin wannan ba za mu iya cewa nagartar abin tana hannun mai riƙe da shi kaɗai ba, tun da ya ke abin yana sāke mai hannun. Dole a sami wani mai tsaro daga waje.

Jojiyawa sun gane haka tun dā, suka yi wa sha shinge. Babban cin abincinsu suna kiransa sufra, ma'anar kalmar kuwa mayafin tebur. Kowace sufra tana da shugaba, a kan kira shi tamada, aikinsa ya yi kama da na uban bikin Kana. Ba mai kai ƙoƙo baki sai tamada ya tashi ya yi jawabi. Ya ɗaukaka Allah, ya roƙi salama, ya tuna da iyaye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sa wa yara albarka, ya girmama baƙo. Tsakanin jawabi da jawabi ana ci, ana waƙa da muryoyi uku. Abin kunya ne ƙwarai tamada ya bugu. Ana yin sufra a bikin aure, ana yinta kuma bayan jana'iza. Wanda ya ga wannan tsari ba zai ce daidai ya ke da zaman mashaya a bayan kasuwa ba. Rashin gaskiya ne a ce ɗaya su ke.

Duk da haka shingen yana da ɓaraka. A wasu sufrori jawabai su kan yi yawa, kowane jawabi kuwa da ƙoƙonsa. Akwai al'adar miƙa wa mutum ƙaho cike, ƙaho kuwa ba shi da gindin da za a aje shi, sai an shanye. Ashe shingen da aka yi domin ya tsare mutum ya kan juya ya zama abin tilasta masa. Ko Ahasurus, sarkin da bai san Allah ba, ya ba da umurni a bikinsa kada a tilasta wa kowa sha, ka duba Esta sura 1, ko da ya ke shi kansa bai tsira ba, gama a rana ta 7 ruwan inabi ya sa ya nemi nuna matarsa ga taro. Belshazzar ma ba shi kaɗai ya sha ba, da manyansa 1,000 ya zauna, a daren nan kuwa mulki ya fita hannunsa. Daga dusar da ta rage a gindin randa kuma Jojiyawa su kan tace wata barasa mai zafi, ƙarfinta ya ninka na ruwan inabi sau uku ko fiye. Sunanta caca. Ba ta da dangantaka da cacarmu ta Hausa sai ta suna, amma dukansu biyu sun san hanyar rushe gida.

Yanzu ka buɗe Misalai sura 23, ka karanta daga aya 29 zuwa ƙarshe, a hankali. Abin mamaki, abubuwan da mai hikima ya ja kunne a kansu su ne daidai abin da gwanin ɗanɗano ke yabo: jan launi, da ƙyalli cikin ƙoƙo, da santsin wucewa a maƙogwaro. Bai yi musun kyansu ba. Ya san su sarai, ya kuma san inda su ke kai mutum. A ganina wannan ya isa ya hana mu ruɗin kanmu da cewa ilimin ɗanɗano garkuwa ne. Mutum yana iya sanin sunan kowace gona da shekarar kowace kwalba, alhali kuwa bawa ne, sai dai sarƙarsa ta fi ta maƙwabcinsa tsada. Kwaɗayi ya iya sa babbar riga. Alamar da za a gane shi ita ce, in aka ɗauke ƙoƙon daga tebur aka bar abinci da abokai, mutumin ya kan ji an ɗauke dukan bikin.

Ilimin zamaninmu bai sassauta wannan kashedi ba. A shekarun 1990 an yi ta yayata cewa jan ruwan inabi yana tsare zuciya, amma binciken da ya biyo baya ya raunana wannan magana ƙwarai. Tun 1988 masanan ciwon daji na duniya suka sa abin sha mai barasa cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo cutar. A Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin sha da za a kira marar haɗari ga lafiya, daga baya kuma ta ƙidaya mutum wajen miliyan 2.6 da barasa ta yi sanadin mutuwarsu a shekara ta 2019. Nama mai kitse yana kwantar da bauri a baki, amma ba ya rage wa hanta aikinta ko kaɗan. Mu tuna kuma Saferabi yana da barasa wajen kashi 13 ko 14 cikin 100, watau ya ninka burukutu, alhali mutanen zamanin manzanni sun saba surka nasu da ruwa.

Saboda haka kada wani mai ilimi ya rena iyayenmu cikin bangaskiya da suka ce mai neman baftisma ya rabu da giya. Sun ga dawar da za ta ci da gida har damina tana ƙarewa a tukunyar burukutu. Sun ga kuɗin makarantar yara yana narkewa ranar kasuwa, sun ji kukan mata da dare. Sun ga kuma a wurare da dama giya tana ɗaure da hidimar tsafi. A inda babu tamada, sai ikkilisiya ta zama mai tsaron, ta ja shingen can nesa da bakin rami. Ba mu kaɗai mu ka yi haka ba. A Amurka, a 1869, wani likitan haƙori ɗan ikkilisiyar Metodis mai suna Thomas Welch ya dumama ruwan inabi don kada ya tashi, domin a sami abin zubawa a ƙoƙon Jibin Ubangiji wanda ba zai tada tsohuwar ƙishirwar kowa ba. Littafi ya san irin wannan hanya, ya kuma girmama ta. Ga keɓaɓɓu na Littafin Lissafi sura 6, ga Rekabawa na Irmiya sura 35, ga Yohanna Mai Baftisma.

Amma kada mu ma mu hau kujerar shari'a a kan ɗan'uwa na Kaketi wanda ya gode wa Allah a kan gurasa da ƙoƙo, ya tashi daga tebur da hankalinsa. A Luka sura 7 Ubangiji ya nuna yadda mutanen zamaninsa suka zargi Yohanna don bai sha ba, suka kuma zarge shi shi kansa don ya ci ya sha. Manzo Bulus, wanda ya hana Afisawa buguwa, shi ne ya shawarci Timoti ya yi amfani da kaɗan saboda cikinsa. Wanda ya ce Littafi ya kira ruwan inabi ƙazamtacce a kansa, ya faɗi abin da ba a rubuta ba. Wanda kuma ya ce tun da ba ƙazamtacce ba ne babu ruwan kowa da abin da na sha, bai kai Romawa sura 14 ba tukuna.

A wannan sura ne ilimin haɗa ruwan inabi da abinci ya ke da abin koya mana. Gwanin tebur ba ya tambaya ko wannan kwalba mai kyau ce kurum. Ya kan tambaya me za a aje kusa da ita, gama ya san Saferabi ɗin da ya gyara naman rago shi ne zai ɓata kifi. Manzo ya ɗauki wannan tambaya ya matsa da ita gaba: wa ke zaune kusa? A tebur akwai abin da ya fi nama da gurasa, akwai mutum wanda Almasihu ya mutu dominsa. Ƙoƙon da bai yi wa mai gida kome ba yana iya zama mafarin faɗuwar baƙonsa, wanda ya yi shekara 3 yana yaƙi da ƙishirwar da ta kusa kashe shi. Yana iya rufe kunnen maƙwabci Musulmi ga duk wata magana da za ta fito daga gidan. Yana iya koya wa yaro mai kallo rabin darasi, ya ga sha bai ga shinge ba. Korintiyawa sun manta da wannan, har a teburin Ubangiji wani ya bugu, wani na kusa da shi yana jin yunwa, manzo kuwa ya ce musu abin da su ke ci ba Jibin Ubangiji ba ne. Ba ruwan inabinsu ne ya lalace ba, zamansu ne.

Maganar ba ta nesa ba ce kamar yadda a ke zato, gama akwai 'ya'yanmu da ke karatu a Tibilisi, da dama cikinsu karatun likita, Jojiyawa kuwa mutane ne masu son baƙo. Ɗalibin da aka gayyata sufra, in ya riga ya yi wa Allah alkawari ba zai sha ba, kada ya ƙi zuwa, kada kuma ya je ya zauna da fuskar mai hukunci. Ya sami tamada tun ba a fara jawabi ba, ya faɗa masa da ladabi cewa alkawari ne tsakaninsa da Allah. Ya ci abincinsu da godiya, ya yaba wa uwar gida. In aka zo kan iyaye da matattu da salama, ya tashi tsaye tare da kowa, ya faɗi nasa fatan alheri daga zuciya, ko da ruwa ne a tambulansa. In aka miƙo ƙaho, ya karɓa da hannu biyu don girmamawa, ya roƙi izini ya miƙa wa na kusa.

Mai gida a nan ƙasarmu kuwa, wanda ya yanka rago ya tara 'yan'uwa iri-iri, ba a bar shi hannu wofi ba. Abin da nama mai kitse ke nema shi ne tsami da ɗan bauri, zoɓo kuwa yana da su duka biyu, ga shi ja wur kamar abin rini. A dafa shi da kauri, a sa citta da kanumfari kaɗan, a rage sukari ƙwarai don kada zaƙi ya danne tsamin. A bar shi ya huce cikin randa, kada a kashe ƙanshinsa da ƙanƙara mai yawa. In naman na da yaji, sai a ƙara zaƙin kaɗan, kamar yadda Jojiyawa su kan koma ga Kinzimarauli. A zuba sulusin tambulan, a bar baƙo ya sansana kafin ya sha.